Abin da Aka Yanke a Kaset ɗin Inna

Kaset talatin da bakwai Alhaji Zulkifilu ya juye cikin kwamfuta kafin ya kai ga wanda ba a rubuta komai a jikinsa ba. A can ƙasan kwali ya same shi, a naɗe cikin wata tsohuwar takardar jarrabawa da ta yi ja. Ya goge shi da bakin riga, ya zura biro a ramin ya ɗaure zaren da ya saki, ya sa shi a rikoda. Yana shirin dannawa kwamfutar ta fito masa da saƙo cewa ba ta da sauran wuri.

Wannan shi ne aikin da ya ba kansa tun da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, musamman bayan rasuwar matarsa Ni'imatu shekara uku da suka wuce. Gidansa na Arkilla ɗaki huɗu ne. A ɗaya yake kwana, sauran ukun sai ranar shara ake buɗe su. Da safe in ya karya kumallo, sai ya haɗa rikoda da kwamfuta da wata siririyar waya, ya zauna a falo yana jin tsofaffin wa'azozi, da bikin sunan 'ya'yansa, da muhawarar da babban ɗansa ya yi a firamare. In ya gama ya tura wa yaran su uku a waya. Sukan amsa da ɗan hoton babban yatsa. Ya san ba sa buɗewa, domin ya taɓa tura sautin minti arba'in, amsa ta dawo kafin ya ajiye wayar.

Ya kira 'yarsa Sumayya a Abuja, don ita ta saya masa kwamfutar. Ta ce ya juyo da fuskar wayar ta gani.

"Baba, matso da ita kaɗan. Yauwa. Ka ga wancan mai hoton faifai? Manhajar buga faifai ce. Fara goge ta, sai mu duba sauran."

"In na goge, da me zan buga faifai?"

"Yaushe rabonka da bugawa?"

Na ƙarshe da ya buga karatun Alƙur'ani ne, wanda mahaifiyarta ke so a sa mata a mota in za su asibiti.

"An daɗe," in ji shi.

"To ka gani. Ba mai sa faifai yanzu, Baba. Komai a waya yake. Bari in shiga taro, zan kira ka anjima."

Ba ta kira ba, shi ma bai sa rai ba. Ya kai hannu kan manhajar, kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya daɗe yana kallon tambayar. Daga bisani ya ce a'a. Ya shiga wani wurin ya nemo bidiyon liyafar ban kwana da aka yi masa a ofis, awa biyu cur ana jawabai ana yabonsa, ya goge shi. Wuri ya samu.

Ya danna rikoda.

Da farko huci kawai kaset ɗin ke yi. Sai carar zakara, sai sautin daka daga nesa. Sannan wata murya ta matashi, mai kauri, kusa da bakin na'urar.

"To, ya kama. Inna, matso. Ga shi nan yana juyawa."

Zulkifilu ya ɗauke hannunsa daga kan tebur. Muryar yayansa Illo ce.

Shekara tara Illo ya ba shi. Gidansu gidan fawa ne a Unguwar Rogo. Lokacin da mahaifinsu ya rasu Zulkifilu yana aji uku a firamare, Illo ne ya ɗauki wuƙa da teburin tsohon, ya ce ƙaramin ya ci gaba da zuwa makaranta. Da Zulkifilu ya tafi jami'a a Zariya, Illo da bai iya rubutun boko ba sai ya riƙa ɗaukar magana a kaset yana ba direbobin motocin shanu su kai masa.

"Ni mi za ni ce ma akwati?" Muryar Inna ke nan, tana jin kunyar rikoda.

"Ba akwati za ki yi ma magana ba. Zulki na jin ki."

Aka ji motsin tabarma.

"Auta, kana lahiya? Muna nan lahiya lau. An ce garin ga da kake akwai sanyi, ka riƙa sa rigar nan mai kauri. Jar akuyar nan ta haihu, biyu, duk mata. Ga kilishi nan Illo ya yi maka da hannunshi. Kada ka rabe shi duka ga abokai, na san halinka."

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Shekara biyu bayan wannan kaset ta rasu. Zulkifilu ya zaci ya riƙe muryarta a kansa duk tsawon shekarun nan, sai yanzu ya gane wata murya daban ya ƙera ya ajiye. Ta gaskiyar ta fi siranta, ta fi sauri.

Ta yi ta magana: rijiyar gida ta yi ƙasa, wance ta yi aure, ya riƙa sallah a kan lokaci. Sannan Illo ya karɓa.

"To ɗan boko, ka ji Inna. Ka yi karatu da kyau, nan ba abin da ya dame mu. Amma ranar da ka zama babban mutum, kada ka ce ba ka san mu ba don muna ƙarnin jini."

Illo na cikin kaset ya ƙyalƙyale da dariya. Inna ta katse shi.

"Kai Illo, bar faɗin haka. Auta ba ya yi. Ni na haife shi."

Zulkifilu ya kashe rikoda. Firji na gurnani a kicin, ban da shi ba motsin komai a gidan.

Shekara goma sha biyu ke nan da auren Sumayya. Dangin ango manyan mutane ne daga Abuja. Kowa ya san Illo ne zai ba da aure, shi ne babba, shi ne uba. Amma ana saura kwana uku Zulkifilu ya je ya roƙi maigidansa na ofis, babban sakatare, ya zama waliyyi. Ya ce wa kansa girmama baƙi ne. Bai gaya wa Illo ba, kullum yana cewa sai anjima. Ranar ɗaurin aure Illo ya zo da sabuwar farar riga, ya zauna a gaba. Da liman ya tambayi waliyyin amarya, Illo ya fara gyara zama zai matsa, sai muryar babban sakatare ta riga shi. Illo ya tsaya har aka shafa fatiha, ya nemi takalmansa ya tafi. Naman shanu biyun da ya kwana biyu yana gyarawa shi aka ci a wurin walima.

Ba a yi faɗa ba. Illo dai bai sake tako gidan ba, Zulkifilu kuma da ya bar mako ya wuce, sai wata ya wuce, har zuwan ya yi masa nauyin da ba ya iya ɗauka. Ranar jana'izar Ni'imatu ya hango Illo a sahu. Ya yi ta'aziyya cikin jama'a kamar kowa, kafin a watse ya ɓace.

Da la'asar Zulkifilu ya juye kaset ɗin gaba ɗaya. Sautin ya fito a fuskar kwamfuta kamar dogon zane mai hawa da sauka. Ya nemo wurin, daga "amma ranar da ka zama" zuwa "ni na haife shi". Bai kai minti ɗaya ba. Ya yi masa alama, ya yanke, ya haɗe bakin biyu. Ya saurara. In ba wanda ya sani ba, ba mai ganewa. Ya tura wa wayarsa, amma wannan karon bai aika wa yaran ba.

Illo ba ya riƙe babbar waya, wannan ya sani daga bakin dangi. Amma akwai rediyo mai cin faifai da shi da kansa ya kawo masa tsaraba daga Makka, tun ana shiri. Sai dabara ta zo masa. Zai buga faifai, ya je ya yi sallama da Lantana matar Illo, ya miƙa mata a ƙofa, ya juyo. Inna ta yi masa sauran maganar.

Neman faifan da ba komai a kansa ya ci masa safiyar Litinin. Shago uku a kasuwa aka yi masa kallon wanda ya zo neman abin da aka daina yi. A na huɗu wani dattijo ya durƙusa ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin kanta, ya ce ya ɗauki ko nawa yake so, ya gaji da ganinsu. Da ya dawo gida ya buɗe manhajar. Ta yi jinkirin tashi, kamar ma'aikacin da aka manta da shi a ofis aka kira shi ba zato. Faifan farko ya lalace a tsakiya. Na biyu ya yi ta juyawa yana ƙugi, can ya fito da ɗumi. Ya ɗauki alƙalami zai rubuta suna da boko, ya tuna, ya rubuta "Inna" da ajami.

Ranar Talata da hantsi ya bar motarsa a gida ya hau keke napep, domin lungun gidansu na Unguwar Rogo ba ya cin mota. An yi gine-gine, an toshe hanyar da ya sani, sai da ya yi tambaya kafin ya gane gidan da aka haife shi. Ya tsaya a ƙofar zaure yana shirya yadda zai aika a kira Lantana.

Illo na zaune a cikin zauren.

Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Hannuwan ne kawai ba su canza ba, manya, duk tabon wuƙa. Idonsa na hagu ya yi fari. Zulkifilu ya yi sallama, ba a amsa ba. Ya ɗaga murya ya sake.

"Wa alaikumus salam. Wa ke nan?"

"Ni ne, Yaya. Zulkifilu."

Illo ya juyo da idon da ke gani, ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"Lahiya? Wani ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu."

"To shigo."

Ya cire takalmi ya tsuguna a bakin tabarma. Suka gaisa gaisuwar mutanen da suka haɗu a tasha: gida, iyali, zafi. Lantana ta leƙo, ta dafe ƙirji.

"Baban Sumayya! Yau kai ne a gidan?"

Ta koma da sauri ta kawo ruwa a kofin silba. Ya sha, ba don ƙishi ba. Sannan ya zaro faifan daga aljihu ya ajiye a gaban yayansa.

"Wani kaset na samu cikin kayana. Wanda ka aiko min Zariya. Akwai muryar Inna. Na mayar da shi faifai, ka riƙa ji a rediyon nan."

Illo bai taɓa faifan ba. Lantana ce ta amsa.

"Wace rediyo? Ta Makka? Ai ta daɗe da mutuwa. Bakinta ya ƙi buɗewa, an kai gyara har an gaji. Tana ɗaki ina ɗora kwanuka a kai."

Zulkifilu ya dubi faifan, ya dubi ƙofa. Ya ji kunya irin ta wanda ya zo biki da kyautar da ba ta shiga gidan ba.

"Muryar Inna ka ce?" in ji Illo.

"Ita."

"Kuma ba yadda za a ji ta?"

"Akwai a wayata."

"To mi kake jira?"

Ya kunna. Carar zakara ta fito, 'yar ƙarama a cikin zauren. Illo ya karkato kai.

"Ƙara murya."

"Ta ƙure, Yaya."

"Kunnen ga ya tahi. Sai na dama, shi ma sai an matso."

Ba yadda zai yi. Zulkifilu ya tashi ya hau tabarmar, ya zauna kafaɗa da kafaɗa da yayansa, ya kara masa wayar a kunnen dama. Rigar Illo na ƙanshin hayaƙin itace, irin na ɗakin da suka kwana tare suna yara. Lantana ta zauna a dokin ƙofar cikin gida ta rufe baki da mayafi.

Da Inna ta ce mi za ta ce wa akwati, kafaɗar Illo ta motsa. Da ta zo kan akuya ya yi magana a hankali, ba da kowa ba.

"Jar akuya. Ɗiyarta anka yanka ranar da kag gama makaranta."

Leɓunansa na bin maganarta kamar mai bin karatu. Hannun Zulkifilu ya fara sagewa, bai sauke ba. Aka zo kan Illo na cikin kaset: ka yi karatu da kyau, nan ba abin da ya dame mu. Daga nan sai sallama da gaisuwa ga abokai.

Illo ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Mayar baya kaɗan."

Ya mayar. Suka sake ji.

"Nan akwai magana," in ji Illo.

"Kaset ɗin ya tsufa, Yaya. Wani wurin…"

"Ni na ɗauki kaset ɗin ga. Sau ukku na saurare shi kahin in ba direba." Ya janye kansa daga wayar, ya juyo gaba ɗaya. "Abin da ni na ce, wasa ne, ban damu da shi ba. Amma da na ce, Inna ta amsa. Ina amsarta?"

Wani mai tallan ruwa ya wuce a lungu yana buga jarka. Zulkifilu ya sauke wayar a cinyarsa.

"Na yanke."

"Don mi?"

"Na kasa jin wurin."

"Kai ka kasa ji." Illo ya gyaɗa kai a hankali. "Ni shekara goma sha biyu ina jin shi, ba rikoda. Maganar tsohuwa duka nawa ta rage muna a duniya, har ka sa wuƙa ka rage?"

Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Yaya, ranar auren Sumayya, abin da na yi…"

"Ban tambaye ka ba."

"Ina so in faɗa."

"Da ka so faɗi tun ran nan, ka san hanya." Illo ya shafa gwiwarsa. Can ya ce, "Kaset ɗin na nan?"

"Yana gida."

"Shi ma ka yanke shi?"

"A'a. Shi ban taɓa shi ba."

"Rikodar da munka ɗauka da ita tana nan, ba abin da ya same ta. Kawo min shi yadda yake." Ya sa yatsa ɗaya ya turo faifan a kan tabarma har ya taɓa ƙafar ƙanensa. "Wanga kuma ɗauki abinka."

Ya jingina da bango ya lumshe ido. Zulkifilu ya jira ko za a ƙara wani abu. Ba a ƙara ba. Ya ɗauki faifan ya mayar aljihu, ya ce sai an jima, ya sa takalmi.

Lantana ta zagayo ta same shi a waje. Ita ma ta tsufa, bai lura ba sai a hasken rana.

"Kada ka ji komai," ta ce ƙasa-ƙasa. "Haka yake yi wa kowa yanzu. Rikodar tana yi, batir ne babu. In za ka zo ka taho da manya guda huɗu."

"Bai ce yaushe ba."

"Ai ba sai ya ce ba. Kullum yana zauren nan daga hantsi har azahar. Tun da ya bar zuwa mayanka abokan suka ɗauke ƙafa, waɗanda ba su mutu ba. Yara kuma kowa na harkarsa. Ni kaɗai yake gani, ni ma ya gaji da ni."

Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da gefen mayafi, ta koma ciki.

Ya bi lungun a hankali har bakin titi. A wani ɗan kanti ya sayi batir huɗu, aka sa masa a baƙar leda. Ya tsaya a inuwar rumfa yana tunanin falonsa, da abincin rana da zai ɗumama ya ci shi kaɗai, da gobe, da jibi, da yadda mako ke zama wata in mutum ya ce sai anjima. Ya duba agogo. Sha ɗaya da rabi.

Wani mai keke ya tsaya a gabansa.

"Alhaji, ina muka nufa?"

"Arkilla." Ya shiga ya zauna. Sai da suka hau babban titi ya taɓa kafaɗar direban. "In mun isa kada ka tafi. Abu zan ɗauko, mu dawo."

Ya riƙe ledar a cinya da hannu biyu. Rikodar Illo ba ta da wurin tsallakewa sai an sa hannu an danna a gabansa. Wannan karon dole ne ya zauna a kan tabarmar, kusa da kunnen dama, ya ji har inda Inna ta ce Auta ba ya yi.